Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Zaman Farko A Ɗakin Mai Sauraren Damuwa

 

A wannan fitowar za mu leƙa wani ɗaki ne da mutanenmu suka fara shiga a 'yan shekarun nan, ɗakin da babu allura a cikinsa, babu ma'aunin zafin jiki, sai kujeru da tebur da takarda. Shi ne ɗakin masanin halayyar ɗan Adam, wanda ake rubuta wa "psychologue" a bakin ƙofa, ko na ma'aikacin da aka horar domin ya saurari masu damuwa. Maganin da ake bayarwa a can magana ce: a zauna da mutum mako bayan mako, a warware masa abin da ya ƙulle a zuciyarsa, a koya masa dabarun da zai riƙa tallafar kansa da su. Amma kafin a kai ga haka akwai zama na farko, zaman tantancewa, inda ake yi wa mutum tambayoyi domin a gane abin da ke damunsa da irin taimakon da ya dace da shi. Yawanci ba ya wuce awa guda. A cikin wannan awar ce mutane da yawa ke yanke shawarar ko za su komo, ko kuwa sun yi sallama da wurin ke nan har abada.

Dalilin ɗauko wannan magana ba ɓoyayye ba ne ga mazauna yankin Savanes. Tun daga harin Sanloaga a watan Nuwamba na 2021, da na Kpekpakandi a watan Mayu na 2022 inda sojoji 8 suka rasa rayukansu, hankalin mutanen Kpendjal bai koma yadda yake ba. A watan Yuni na 2022 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin, aka kuma yi ta ƙara wa'adinta. Dubban mutane sun bar ƙauyukansu da gonakinsu sun sauka wajen dangi a Mandouri da Naki-Est da Dapaong da Cinkasse, ga kuma baƙin da suka ƙetaro daga Burkina Faso. Wanda ya tsira da ransa a irin wannan hali bai cika tsira da barcinsa ba. Ga kuma damuwar da ba ta da alaƙa da bindiga: mutuwar aure, da rashin haihuwa, da karyewar jari, da ɗa da ya faɗa shan tiramadol. Masu duba irin wannan ciwo kuwa kaɗan ne ƙwarai, domin a 2023 an ba da rahoton cewa likitocin ƙwaƙwalwa biyar kacal ne a Togo, ƙasar da ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum fiye da miliyan 8. Saboda haka wanda Allah ya ba damar samun zama ɗaya, bai kamata ya bari tsoro ko rashin sani su ɓata masa shi ba.

Kafin a shiga

A 2019 wasu masu bincike a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Angela Sweeney, sun tattara abin da mutane suka faɗa game da irin wannan zama da aka yi da su. Sun lura cewa abin yana da zango uku: hanyar zuwa, da zaman kansa, da abin da ke biyo baya. Sun kuma ga cewa zama guda yana iya ba mutum fata, yana kuma iya fama masa tsohon miki. Ingila da Naki-Est akwai nisa, amma zuciyar ɗan Adam ɗaya ce.

A wajenmu hanyar zuwa doguwa ce. Kafin mutum ya kai ƙofar mai sauraro, galibi ya sha maganin zazzaɓi, ya sha na ciwon ciki, an auna jininsa an ce babu komai, ya je wajen malam, wataƙila ya je wajen mai maganin gargajiya. Watau ya iso a gajiye, aljihu ya yi sauƙi, ga kuma tsoron suna. Shekaru da yawa, in aka ce ciwon ƙwaƙwalwa a Togo, abin da ke zuwa a ran mutane shi ne asibitin Zebe da ke Aneho, can bakin teku, fiye da kilomita 600 daga Dapaong, kamar yadda Bakano ke tuna Dawanau. Don haka da an ce wa mutum ya je ya ga "psychologue", abin da kunnensa ke ji shi ne an ce ya haukace. Uwa tana tunanin wa zai auri 'yarta in labari ya fita zango. Magidanci yana tunanin wa zai sake ba shi bashin kaya a kasuwa.

Alhali kuwa mafi yawan masu shiga wannan ɗaki hankalinsu garau yake. Abin da ke damunsu shi ne ƙuncin zuciya da ya daɗe, da faɗuwar gaba, da firgita cikin dare, da tunanin da ya ƙi tsayawa. Kuma ba lalle sai an kai Aneho ba. A Dapaong akwai cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Yendube, wadda mata masu hidima na ɗarikar Katolika ke gudanarwa. A Sokode akwai cibiyar ƙungiyar Saint Camille, wadda Gregoire Ahongbonon, mutumin Benin, ya kafa. Ga manyan asibitocin gwamnati na Dapaong da Sokode da Kara, inda za a iya tambayar wanda ke duba irin wannan ciwo. Mafarin hanya shi ne ma'aikacin ɗakin shan magani na kusa, wanda zai nuna inda ya dace.

A cikin ɗaki

Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da wannan tarbiyyar muka tashi, kuma tarbiyya ce mai kyau, wadda ta rufa asirin gidaje da yawa. Sai ga shi an zaunar da dattijo gaban matashin da bai wuce sa'ar ɗansa ba, ana tambayarsa: "Baba, yaya barci?" Ya ce, "Alhamdu lillahi." "Cin abinci fa?" Ya ce, "Da godiya." Shi a ganinsa ya amsa yadda mutumin kirki ke amsawa. Matashin kuwa alƙalaminsa na tsaye, bai sami abin rubutawa ba. Haka mace za a tambaye ta sunan mijinta ko na ɗanta na fari, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, don kunya ta hana. Wanda ya yi karatunsa a littattafan Turai yana iya ɗaukar sunkuyar da kai alamar ciwo, alhali ladabi ne aka koya mata tun tana ƙarama.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne takardar tambayoyi. Akwai wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shirya, mai suna SRQ-20: tambayoyi 20 ne, amsarsu i ko a'a, a kan kwana 30 da suka wuce, kuma da dama daga cikinsu a kan jiki suke, kamar yawan ciwon kai da rawar hannu da rashin narkewar abinci. Akwai kuma PHQ-9, wadda aka wallafa a 2001: tambayoyi 9 a kan mako biyu da suka wuce, kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla ba ta wuce 27, kuma daga maki 10 zuwa sama ake fara ɗaukar abin da muhimmanci. Mutum ya zo da zuciya cike, yana so ya faro labarinsa daga daren da suka gudo, sai a tare shi da cewa: kwana nawa cikin mako biyu? Dole ya ji kamar yana gaban jandarma, ko kuwa kamar an mai da baƙin cikinsa lissafi.

Ya kamata mai karatu ya san amfanin takardar, ya kuma san iyakarta. Amfaninta shi ne kada ma'aikaci ya manta wata tambaya mai muhimmanci, sa'an nan bayan wata ɗaya ko biyu a sake aunawa a ga ko an sami sauƙi. Ba jarrabawa ba ce, babu ci babu faɗuwa. Iyakarta kuwa ita ce ba ta san inda mutum yake zaune ba. Manomi a tsakiyar damina dole ya ce yana jin gajiya kullum. Mai goyo ba ta samun barci. Wanda ya baro rumbunsa a ƙauye yana cin abinci sau ɗaya a gidan mutane, rashin cinsa ba daga zuciya ya taso ba. A cikin PHQ-9 har akwai tambayar ko mutum na iya tattara hankalinsa wajen karanta jarida ko kallon talabijin, abin da tsohuwar ƙauye ba ta taɓa yi ba. Saboda haka in tambaya ba ta dace da halinka ba, faɗi dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masana ma sun gane wannan. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya kafa shirin Bencin Zumunci a birnin Harare, inda aka horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, zama shida. Takardar da suke tantancewa da ita tambayoyi 14 ce da aka gina daga kalmomin mutanen Shona, ciki har da kufungisisa, watau yawan tunani. Da aka gwada shirin, aka wallafa sakamakonsa a 2016, an ga waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. A Amurka kuma, littafin da likitocin ƙwaƙwalwa ke aiki da shi ya fito a 2013 da wasu tambayoyi 16 na musamman, waɗanda ake tambayar mutum yadda shi da danginsa suke kiran ciwon, da abin da suke ganin ya jawo shi, da inda ya riga ya nemi taimako. Ashe ke nan in ka ce a gidanku ana ganin sammu ne ko iska, ba ka faɗi abin dariya ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa yana bukatar ya ji haka.

Akwai kuma batun harshe, wanda a yankinmu ba ƙaramin al'amari ba ne. Mai tambaya yana iya kasancewa mutumin kudu mai jin Faransanci da Ewe, mai amsa kuwa Hausa yake ji, ko Moba, ko Gurmanci, ko Fulatanci, ko Tem. Sai a nemo tafinta, kuma sau da yawa tafintan shi ne wanda ya yi rakiya: miji, ko suruki, ko maƙwabci, ko yaro ɗan makaranta. Ta yaya mace za ta faɗi abin da ke tsakaninta da uwar mijinta, ƙanen mijin yana fassarawa? Ta yaya uwa za ta faɗi abin da ya same ta a hanyar gudu ta bakin ɗanta? Kalma ɗaya ta Faransanci, "dépression", a Hausa tana iya zama baƙin ciki, ko ƙunci, ko mutuwar jiki, ko fitar rai daga komai, kuma kowanne da ma'anarsa. Mai zuwa yana da damar ya roƙi a samo masa tafintan da ba danginsa ba, mace kuma ta nemi mace.

Tambayoyi masu nauyi

Akwai tambayoyin da ke sa mutum ya ji kamar an zage shi. Za a tambaye shi ko yana shan giya ko burkutu ko tiramadol. Za a tambayi mace ko ana dukanta a gida. Za a tambaya ko akwai mai irin wannan ciwo a dangi. Kowa ake yi wa su, liman ne ko ɗan kasuwa, ba don an ga wata alama a fuskarsa ba. Ana yinsu ne domin amsar tana canja magani, kamar yadda ake tambayar ciwon jiki, tun da ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo da wasu magunguna suna iya kawo kasala da faɗuwar gaba.

Wadda ta fi duka nauyi ita ce: ko ka taɓa jin gara mutuwa, ko tunanin kashe kanka ya taɓa zo maka? Musulmi yakan yi a'uziyya ya ce Allah ya kiyaye, wani ma ya tashi ya fita. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 700,000 ne ke kashe kansu kowace shekara a duniya, kuma wajen kashi ɗaya cikin biyar da maganin ƙwari na gona suke yi, irin wanda ke ajiye a gidajen manoman auduga. Bincike ya nuna cewa yin tambayar ba ya dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, wanda kuwa yake da shi yakan ji an sauke masa kaya. Tunanin da ya faɗo wa mutum cikin tsananin ƙunci alamar ciwo ce da ke neman magani. Wanda ya faɗe shi ya taimaki kansa, iyalinsa kuma su gaggauta kawar da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai, kada kuma su bar shi shi kaɗai.

To, ina maganar asiri? Abin da aka faɗa a ɗakin amana ne, kuma ƙa'idar aikin lafiya ta hana ma'aikaci ya fitar da shi, ko ga miji, ko ga uba. Ana ɗaga wannan ƙa'ida in rai yana cikin haɗari, na mutumin ko na wani. Daidai ne tun kafin ka buɗe baki ka tambaya: wa zai karanta abin da kake rubutawa, a ina kuma za a ajiye shi? Matambayi ba ya ɓata.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gaskiya ne, amma wankan nan ba a rana ɗaya ake gama shi ba. Abin da ba a ɓoyewa a zaman farko shi ne abin da ya shafi rai da lafiya: tunanin mutuwa, da duka, da abin da ake sha. Sauran labarin kuwa, musamman abin da ido ya gani a lokacin hari, mutum yana iya cewa, "Akwai abin da ya faru, amma ban shirya faɗinsa yau ba." Wannan amsa ce cikakkiya, kuma ba a tilasta wa kowa ya wuce ta.

Bayan an fito

Wasu suna fitowa da sauƙin zuciya, don a karo na farko wani ya saurare su har ƙarshe bai katse su da cewa a yi haƙuri ba. Wasu suna fitowa jiki a mace, su kwana biyu ko uku barci ya ƙara gudu, saboda an taɓo abin da aka daɗe da binnewa. Wannan yakan faru, kuma ba ya nufin zaman ya yi lahani, sai dai in abin ya tsananta a koma a faɗa. Wasu kuma suna fitowa da fushi: an biya kuɗin mota daga Naki-Est zuwa Dapaong, an rasa aikin yini, ga shi ba allura ba ƙwaya, sai dai a dawo mako mai zuwa. Akwai kuma wanda za a ce masa ciwonsa ya fi ƙarfin wurin, a tura shi gaba, sai ya ji kamar an kore shi, ga kuma nauyin sake faro labari a gaban wata sabuwar fuska.

Maganin wannan shi ne kada a fito sai an san abu huɗu: me ma'aikacin ya fahimta, me za a yi nan gaba, yaushe, kuma wa za a nema in dare ya yi tsanani kafin ranar. A tambayi yawan zaman da kuɗinsa tun farko. Ba abu ne marar iyaka ba. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016 domin mutanen da masifa ta shafa, mai suna PM+, zama biyar ne, sau ɗaya a mako, kowanne minti 90, kuma ma'aikacin da ba likita ba yana iya gudanar da shi in an horar da shi. In za a tura mutum gaba, ya roƙi a rubuta masa takarda ya riƙe, don a rage masa maimaici.

Aikin iyali

Tun a 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta a Nijeriya, cewa masu ciwon ƙwaƙwalwa sun fi samun sauƙi in dangi na kusa da su, har ya riƙa saukar da su a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwa mai jinya. Rakiya alheri ce. Amma mai rakiya ya san matsayinsa: ya shiga ya faɗi abin da ya gani, sa'an nan ya fito ya bar mai ciwo ya yi magana da bakinsa. In an koma gida kada a tsare shi da "me ka ce musu?" A ba shi abinci, a bar shi ya huta, a tuna masa ranar komawa. Maigida kuma ya sani cewa barin matarsa ta zauna da ma'aikaciya ba tonon asirin gida ba ne. Gidan da uwa ba ta barci, yara ne ke fara biyan kuɗinsa.

Masu ganin zuwa wannan ɗaki rauni ne na tawakkali, su tuna cewa malamanmu na farko sun riga Turawa yin wannan magana. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da zuciya, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke saukowa ba dalili bayyananne, ya kuma nuna amfanin maganar mai hikima ga wanda zuciyarsa ta ƙuntata. Addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Malamin da aka kawo wa mai irin wannan damuwa, in ya yi masa addu'a ya kuma ce ya je a duba shi, ya cika amanarsa.

Su kuma ma'aikatanmu, muna roƙonsu su fara da gaisuwa kafin takarda, su bayyana dalilin kowace tambaya mai nauyi, su kuma tuna cewa "da sauƙi" a bakin Bahaushe ba kullum take nufin sauƙi ba. Labarin zuciya a tambayi fuska. Dattijon da ya tako har ya zauna a kujerar nan ya riga ya haɗiye kunya mai yawa, kuma minti biyar na tambayar gida da gona suna iya buɗe abin da tambayoyi 20 ba su buɗe ba.

Wanda ya san wani a gidansa ko a maƙwabtansa da ya daina barci, ya daina shiga mutane, ko yake yawan ambaton mutuwa, ya karanta masa wannan shafi, ya kuma raka shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu gida cikin aminci, ya zaunar da yankinmu da ƙasarmu lafiya.